Daure, Auta

"Kitso ne, Gwaggo. Kitson da ake mata ne yake cinye mata gashi."

Likita ne ya faɗa, duk shagon kitson na ji. Auta ta kafe idonta a kan kwalbar man kitson da ke hannunta.

Gwaggo ce ta jawo maganar. Likita gaisuwa kawai ya zo yi, kamar yadda ya saba tun da aka sa ranar aurensa da Auta. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaida Umma, mahaifiyar Auta mai shagon, ya gaida matan da ke jiran layi a kan benci. Sai Gwaggo, yayar marigayi mahaifin Auta, wadda ba ta da aikin da ya wuce zaman shagon tana tsoma baki a hirar kowa, ta karkace kai ta ce:

"Kai ɗan nan, an ce a asibitinku binciken zubewar gashi kake yi. To ga amaryarka nan, gashin goshi sai gudu yake baya kamar ɓarawon da aka yi wa ihu! Amosani ne, ko bakin mutane ne?"

Wasa take yi. Shi kuma ya ɗauka tambaya ce.

Hannun Umma ya tsaya a kan matar da take yi wa kitso. Ba ta ɗago ba.

"Kitson wa?"

A nan mai hankali yake haɗiye yawu ya ce za a yi maganar a gida. Amma karatu ba ya koya wa mutum inda ake yin shiru.

"Ba naku kaɗai ba, Umma, duk kitson da ake ja da ƙarfi. Gashi yana da saiwa. In ana fizgarta yau da gobe sai ta kumbura, daga nan ta yi tabo ta mutu. Shi ya sa yake farawa daga goshi da gefen kunne, inda aka fi matsewa. Balle in an ƙara gashin doki, nauyin..."

"Likita!" Auta ta katse shi.

"Gaskiya ce ai. Ina ganin irinsu kullum."

Matar da ke zaune tsakanin gwiwoyin Umma ta kai hannu ta shafa goshinta. Ta yi 'yar dariyar yaƙe.

"Umman Auta... ko za ki ɗan sassauta min nan gaban?"

Umma ta ajiye kibiyar tsaga a hankali. Tun Auta tana goye take kitso a shagon nan, ba a taɓa gaya mata yadda za ta riƙe gashi ba.

"Tashi ka tafi," ta ce, ba tare da ta kalle shi ba.

"Umma, ni ban..."

"Na ce ka tafi!"

Da yamma, bayan sun rufe shago sun koma gida, Auta ta tarar da Umma zaune a bakin gado tana wanke matajai a cikin roba. Tana dirzarsu kamar su suka yi mata laifi.

"Umma, don Allah ki yi haƙuri. Wallahi bai yi da nufin..."

"Da me na ciyar da ku?"

Auta ta kama gefen ɗankwalinta tana murzawa.

"Tambayarki nake! Da ubanku ya rasu ya bar min ku, da me na ciyar da ku? Da me kika yi karatun da har kika zama malamar makaranta, likita ya gan ki ya ce yana so?" Ta ɗaga hannayenta biyu, yatsun sun kanannaɗe don aiki. "Da waɗannan! Yau su ne cuta? A gaban mutane?"

"Ba haka yake nufi ba..."

"Ke kin sani?"

"Me, Umma?"

"Kin san abin da zai faɗa? Ya taɓa gaya miki?"

Auta ta sunkuyar da kai. Ta sani. Tun watannin baya Likita ya lura kullum ɗankwalinta yana sauka har kan gira, kuma duk ranar da aka mata sabon kitso sai ta nemi maganin ciwon kai. Ya kai ta wurin abokiyar aikinsa ta duba ta, aka ɗibi jininta, aka gaya mata abin da ke akwai. Aka ba ta maganin shafawa safe da yamma, aka ce ta huta da kitso. Maganin ta ɓoye shi a cikin jakar makaranta. Kitson kuwa ba ta fasa ba, don ba ta san da wane baki za ta ce wa Umma a'a ba.

"Wato ni ce sakarar da ba ta san komai ba," Umma ta ce. "To ki saurare ni da kyau. Na yi wa yayyenki kitson aurensu da hannuna. Ke ce auta, naki nake ta tanadi a raina tun kina ƙarama. In hannuna bai taɓa kanki ranar aurenki ba, ƙafata ba za ta taka wurin ba. Ki je ki gaya masa."

"Umma!"

"Miƙo min tawul."

Washegari daga makaranta Auta ta wuce asibiti. Ɗakin binciken ƙarami ne, a ƙarshen baranda. Tebur, kwamfuta, kujerar da ake kwantar da ita baya, da hotunan fatar kai manne a bango kamar gonakin da aka ɗauka daga sama.

Yana ganinta ya miƙe.

"Malamata... ban yi barci ba jiya."

"Ni kuma na yi, har da minshari."

"Haba zuciyata. Zauna mana."

"A tsaye zan faɗa. Ka je ka ba Umma haƙuri."

"Zan ba ta haƙurin ɓacin ran da ta yi. Amma in ce ba kitso ba ne? Ba zan iya ba."

"Wa ya ce ka faɗi haka?"

"To ƙarya na yi?"

"Ba ƙarya ka yi ba, rashin kunya ka yi! Uwata ce fa! A shagonta, a gaban masu zuwa wurinta!"

Ya ja numfashi, ya juyo da fuskar kwamfutar wajenta. Hoton goshinta ne da aka ɗauka da 'yar na'urar nan mai fitila da gilashin ƙara girma.

"Dubi nan. Kin ga waɗannan ƙananan ramukan? Ƙofofin gashi ne. Muddin suna nan, saiwar tana da rai. Yanzu dubi nan ta gefen kunne... kin ga ya yi sumul kamar bayan cokali? Wannan ya tafi."

"Na gani tun tuni."

"Ba ki gani ba! Da ƙarancin jini ne, da na yi murna, a ba ki magani ya dawo. Da ciwon maƙoƙo ne, ko irin zubewar da mata ke yi bayan haihuwa ko doguwar jinya, duk waɗannan da sauƙi. Da irin wanda jiki ke kai wa saiwarsa hari ne ya bar fili zagaye kamar an kifa murfin kwalba, akwai allurar da muke gwadawa. Duk an duba, ba ko ɗaya. Naki sababinsa a fili yake, maganinsa kuma a daina. Tabo kuwa har yau ba wanda ya gano abin da ke tayar da shi, sai dai dashe."

"Ka gama karatun?"

"Kitson amarya irin na Umma, ƙanana, da gashin doki har gadon baya, ki kwana da shi wata guda... wallahi ina tsoron abin da ya rage ba zai kai labari ba."

"Ta ce in ba ita ta yi ba, ba za ta zo ba."

Ya juyar da fuskar kwamfutar gefe.

"To ka zaɓa min, Likita. Tunda kai ka san komai."

"Ki ce mata da zafi. Shi ke nan fa! Ki buɗe baki ki ce yana miki zafi."

Ta yi wata dariya mara daɗi.

"Kai ba ka taɓa zama tsakanin gwiwoyinta ba. Ka san me take cewa in ka motsa? *Daure, Auta.* Tun ban iya magana sosai ba nake jin kalmar nan. Ranar da aka fita da gawar Baba ma ita ta faɗa min. Da ita ta raine mu. Kai kana ganin magana ce ta gashi?"

"Ni ba don gashi nake son ki ba, kin sani. Ko kanki ya koma kamar tafin hannu ina son ki. Amma ba zan tsaya ina kallo ki..."

"To kar ka kalla. Asabar za ta gwada min kitson. Zan zauna."

"Auta!"

"In ka ga ba za ka iya auren mai sanƙo ba, ka aiko a faɗa da wuri."

Ta fita kafin hawayen su zubo. Har ta kai ƙarshen barandar tana jiran ta ji takunsa a bayanta. Bai biyo ta ba.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya zama kamar gidan makoki. Umma ba ta sake tada maganar ba, kuma ba ta sake dariya ba. Bencin shago da ake rigimar wurin zama a kansa ya fara nuna katakonsa. Magana ta zaga unguwa cewa surukin mai kitso da bakinsa ya ce hannunta na kashe gashi. Mutane haka suke: abin da suka shekara suna yabo, rana ɗaya ta ishe su su tofa masa yawu.

Gwaggo kuwa, da ta kunna wutar, ita ce ta fi kowa salati.

"Ni fa wasa na yi! Wa ya san yaron nan bakinsa ba shi da birki?"

Likita ya kira, Auta ba ta ɗauka ba. Ya turo saƙo, ta karanta ta kife wayar. Kullum da safe kafin ta ɗaura ɗankwali sai ta tsaya gaban madubi ta shafa 'yan siraran gashin da suka fara leƙowa a goshinta, masu laushi kamar na jariri. Maganin ya fara aiki. Ta kan kalle su kamar mai sallama da su.

Asabar da hantsi Umma ta ce a rufe ƙofar shago rabi. Ba kowa sai su biyu da Gwaggo. An jera gashin doki a kan igiya, an buɗe sabon man kitso.

"Zo ki zauna."

Auta ta zauna a kan 'yar kujerar ƙasa, ta jingina da gwiwoyin Umma. Ƙamshin man da na zanin uwarta suka cika mata hanci. Nan ne wurin da ta fi so a duniya, nan ne kuma wurin da ta fi tsoro.

Umma ta zare mata ɗankwali. Ta ɗan yi jim tana kallon goshin. Sannan ta ɗauki kibiya ta tsaga.

Kamun farko a goshi ne, kamar kullum. Yatsun suka tattaro 'yan sababbin gashin nan, suka haɗa da gashin doki, suka murɗa. Fatar goshin ta ɗaga. Wani zafi ya tsarga wa Auta tun daga gira har ƙeya, idonta ya kawo ruwa. Ta ɗan zame.

"Daure, Auta."

Ta cije leɓe. Umma ta sake ja. Auta ta ji wani ɗan ƙaramin abu ya tsinke, sannan wani.

"Umma..."

"Daure mana, yanzu za a wuce wurin."

"Umma... da zafi."

Maganar ta fita a hankali, kamar ba daga bakinta ba. Gwaggo ta daina kaɗa ƙafa.

"Me kika ce?"

"Da zafi, Umma. Wallahi da zafi!"

"Yau kika fara kitso? Shi ya koya miki wannan?"

"Ba shi ba ne. Kullum da zafi."

"Tun yaushe?"

Auta ta fashe da kuka.

"Tun ina ƙarama! In kin min kitso ba na iya ɗora kaina a filo, a kife nake kwana. Ƙuraje su fito min, in ɓoye. In sha maganin ciwon kai a bayan ɗaki don kar ki gani..."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Kin ce in daure."

Umma ta saki gashin. Ta buɗe tafin hannunta. A jikin yatsunta, manne da mai, ga 'yan siraran gashi nan, kowanne da ɗan farin ɗigo a gindinsa. Ta daɗe tana kallonsu.

"Salamu alaikum..."

Likita ne a bakin ƙofar da aka rufe rabi. Ba farar riga, ba jaka. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa har ƙasa.

"Ga mara birkin nan ya iso," Gwaggo ta ce ƙasa-ƙasa.

"Umma, na zo ba ku haƙuri. Na yi magana a inda bai kamata ba, da bakin da bai kamata ba. Kun isa ku hana ni ita, ba zan ce kun zalunce ni ba. Amma ku yafe min."

Auta ta jawo ɗankwali ta rufe kanta.

"Na'urar dubawar taka tana nan?" Umma ta tambaye shi.

Ya ɗago da mamaki. Ya taɓa aljihun gaban rigarsa.

"Tana nan, Umma. Ba ta rabuwa da ni."

"Matso."

Umma ta kai hannu ta zame nata ɗankwalin baya. Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Ke! A gaban surukinki?"

"Yanzu likita ne."

Auta ta juyo. Rabon da ta ga kan Umma a buɗe har ta manta, ko a gida da hula take kwana. Daga goshi har kusan tsakiyar kai ba gashi ko ɗaya. Fatar na sheƙi.

Likita ya kunna 'yar fitilar. Ya duba goshin, ya duba gefen kunne, ya sake komawa. Ya daɗe fiye da yadda aikin ke bukata.

"Faɗi," Umma ta ce. "Ai ka iya."

Ya kashe fitilar. Ya koma ya durƙusa kafin ya yi magana.

"Umma... nan gaban ya daɗe da yin tabo. Ba zan ba ku magani in ce zai dawo ba."

"Uwata ce ta min kitso har na yi aure. Duk garinmu ba wadda ta kai ta hannu." Ta gyara ɗankwalinta. "Na ɗauka tsufa ne. Na Auta fa?"

"Nata da rai, Umma. Mafi yawansa da rai. In aka bar goshin ya huta, ta ci gaba da shafa magani, ina sa ran zai cika."

"Wato kar in taɓa ta."

"A'a! Ban ce haka ba. Manya za a yi, ba gashin doki, a bar na gaban nan kar a kama shi. Kada fata ta ɗaga."

"To nuna min yadda ake yi."

Ya sosa ƙeya.

"Ni ban iya kitso ba, Umma. Ko igiyar takalmi da ƙyar nake ɗaurewa. Abin da na sani kawai, in ta ji zafi, ya yi yawa."

Gwaggo ta tuntsire da dariya.

"Ka ji malamin gashi! Ashe baki ne kawai!"

Umma ba ta yi dariya ba. Ta miƙe ta kwashe gashin dokin daga kan igiya, ta cusa a leda ta tura ƙarƙashin benci. Ta dawo ta zauna.

"Kai fita waje ka jira, ba a ɗaura ba tukuna. Kuma ban ce na huce ba. Ranar da shagon nan ya cika, za ka dawo ka tsaya a inda ka tsaya, ka yi musu bayanin nan da ladabi tun daga farko, da duk abin da ka sani yana zubar da gashi. Ni kuma in ji da kunnena."

"Na amince, Umma."

Da zai fita ya saci kallon Auta. Ta harare shi da jajayen idanu, amma ba ta kawar da kai ba.

Umma ta jawo ta jikin gwiwoyinta. Ta warware kamun farkon a hankali, ta lakato mai ta shafa a inda ya yi ja. Ta sake tsagawa, wannan karon can baya da goshi. Yatsun da suka saba damƙa suka tsaya suna lalube kamar na 'yar koyo. Ta kama, ta saki, ta sake kamawa.

"Hannun nan bai san sassauci ba," ta ce. "Sai kin taya ni. In da zafi ki faɗa."

Kafaɗun Auta suka fara rawa. Hawaye suka ɗiga a kan zanin Umma.

Umma ta saki gashin da sauri.

"Zafi ne?"

"A'a, Umma," Auta ta ce, ta kwantar da kanta a cinyar uwarta. "Ci gaba."